Daga Maƙiyi na Waje zuwa Rikicin Cikin Gida: Tarihin Aljeriya a Finafinanta, 1957 zuwa 2019

1.0 Gabatarwa

Aljeriya ita ce ƙasar da ta fi kowace ƙasa faɗi a nahiyar Afirka, kuma tana da iyaka mai tsawon kusan kilomita 950 da Jamhuriyar Nijar. Hanyar da ta tashi daga Agadas ta bi ta Arlit da Assamaka ita ce ke kai matafiyi Tamanrasset, inda har yau ake jin Hausa a kasuwa a bakin fatake da 'yan ci-rani. Duk da wannan maƙwabtaka, finafinan Larabci da aka fi sani a ƙasar Hausa na Masar ne, ba kasafai ake jin labarin na Aljeriya ba.

Wannan takarda za ta bi tarihin finafinan Aljeriya domin ta nuna yadda suka kalli rikicin siyasa da rarrabuwar kan jama'a. Abin da takardar take son tabbatarwa shi ne, a shekarun farko bayan samun 'yancin kai, maƙiyin da ake nunawa a fim baƙo ne, wato Bafaranshe ɗan mulkin mallaka, jama'ar ƙasa kuwa kansu haɗe yake. Sannu a hankali sai kyamara ta juyo cikin gida, har aka kai lokacin da mai kisa da wanda ake kashewa 'yan unguwa ɗaya ne, wani lokaci ma uwarsu ɗaya. Wannan juyowa ba ta zo da sauƙi ba, domin kuwa wanda ke riƙe da kuɗin yin fim shi ne ke riƙe da mulki.

2.0 Fim a Fagen Daga

Faransa ta kama birnin Aljiyas a shekarar 1830, ta kuma mulki ƙasar har shekara 132. Mulkin nan ya bambanta da wanda aka yi a Nijeriya ko Nijar, saboda Turawa sun zo ne da niyyar zama. Kafin 1954 Turawa 'yan kaka-gida sun kai kusan miliyan ɗaya, kuma gonaki masu albarka na bakin teku a hannunsu suke. Akwai gidajen silima da yawa a birane, amma a finafinan da Turawa suka ɗauka a ƙasar, Balarabe bai wuce bara ko ɗan dako ko ɓarawo ba.

Ran 1 ga Nuwamba 1954 ƙungiyar neman 'yanci ta FLN ta fara yaƙin sunƙuru. Shugabanninta sun gane da wuri cewa hoto makami ne. A 1957 wani Bafaranshe mai goyon bayansu, René Vautier, ya shiga daji wurin mayaƙa da kyamararsa, ya ɗauki hotunan da suka zama fim ɗin da aka fitar a 1958 da sunan Algérie en flammes, wato Aljeriya Tana Ci da Wuta. A wannan shekara kuma, a Alƙahira, Yusuf Shahin ya fitar da Jamila al-Jaza'iriyya, labarin Jamila Buhairid, budurwar da Faransa ta kama ta azabtar, ta kuma yanke mata hukuncin kisa. Wannan fim na Masar shi ya kai labarin yaƙin ga masu kallo a sauran ƙasashen Larabawa.

Da aka sami 'yancin kai a watan Yuli na 1962, sai sabuwar gwamnati ta gaji gidajen silima sama da 400. A 1964 ta mayar da su mallakar hukuma, daga baya kuma ta kafa hukumar ONCIC wadda ta riƙe harkar shirya finafinai da rarraba su. Ke nan tun daga tushe, gwamnati ce mai ba da kuɗi, ita ce mai kayan aiki, ita ce mai gidan kallo. Wannan ya sa aka sami finafinai masu inganci cikin ƙanƙanen lokaci, ya kuma sa labarin da ake bayarwa ya zama iri ɗaya.

3.0 Al'umma Ɗaya, Maƙiyi Ɗaya

Fim mafi shahara na wannan zamani shi ne Ma'arakat al-Jaza'ir, wato Yaƙin Aljiyas, na 1966. Daraktansa Gillo Pontecorvo ɗan Italiya ne, amma wanda ya kawo labarin, ya kuma shiga cikin masu ɗaukar nauyi, shi ne Yasif Sa'adi, wanda ya jagoranci mayaƙan FLN a unguwar Kasba a 1956 da 1957. Sa'adi da kansa ya fito a fim ɗin. An ɗauke shi cikin baƙi da fari a lungunan da abin ya faru, kuma in ban da Jean Martin da ya fito a matsayin Kanar Mathieu, kwamandan sojojin laima, kusan duk waɗanda suka fito ba 'yan wasa ba ne. Saboda haka mai kallo sai ya ga kamar labarai ake nuna masa.

Akwai wani sashe na fim ɗin da ya kamata a riƙe, domin za a sake komawa gare shi. Bayan 'yan sandan Faransa sun tayar da bam a Kasba cikin dare sun kashe mutane a gidajensu, sai aka nuna mata uku suna cire lulluɓi, suna gyara gashi, suna sa tufafi irin na Turawa. Kowacce ta ɗauki jaka da bam a ciki, ta wuce shingen bincike ba tare da soja ya tsare ta ba, ta ajiye jakar a inda Turawa ke taruwa: ɗaya a gidan shan shayi, ɗaya a wurin da matasa ke rawa, ɗaya a ofishin kamfanin jiragen sama. Pontecorvo bai ɓoye fuskokin waɗanda za su mutu ba, har da ƙaramin yaro yana lasar askirim. Haka kuma bai ɓoye azabar da sojoji ke gana wa fursunoni ba. Amma duk da haka, matan nan jarumai ne a idon fim ɗin, kuma ya ƙare ne da zanga-zangar Disamba 1960, inda jama'a suka fito da murya ɗaya.

Fim ɗin ya ci babbar kyauta ta bikin finafinai na Venice a 1966. A Faransa bai samu shiga gidajen kallo sosai ba sai a 1971, kuma a 2003 ma'aikatar tsaron Amurka ta nuna wa jami'anta shi lokacin yaƙin Iraƙi. Sai dai akwai abubuwan da bai taɓo ba. Bai nuna kashe-kashen da aka yi tsakanin FLN da ƙungiyar MNA ta Masali al-Hajj ba, alhali dukansu 'yanci suke nema. Bai nuna Harki ba, wato dubban 'yan ƙasa da suka yi wa Faransa aikin soja, waɗanda aka kashe da yawa daga cikinsu a 1962. Abin lura kuma shi ne, a shekarar da ake ɗaukar fim ɗin, ran 19 ga Yuni 1965, Kanar Huwari Bumadyan ya hamɓarar da shugaba Ahmad Ben Bella. Haɗin kan da ake nunawa a majigi ya riga ya tsage a fadar mulki.

Daraktocin ƙasar su ma wannan hanya suka bi. Muhammad Lakhdar-Hamina ya yi Rih al-Auras, Iskar Dutsen Auras, labarin wata uwa da ke yawo daga sansani zuwa sansani tana neman ɗanta da sojoji suka kama. Ya sami kyauta a bikin Cannes na 1967. A 1975 kuma fim ɗinsa Waƙa'i' Sinin al-Jamr, Tarihin Shekarun Garwashi, ya ci babbar kyautar Cannes, kuma shi ne fim na farko daga Afirka da ƙasashen Larabawa da ya ci ta. Ya fara ne da fari da faɗan ƙauyuka kan ruwa a 1939, ya bi ta annoba da yaƙin duniya, ya tsaya a Nuwamba 1954. Akwai rarrabuwar kai a cikinsa, amma mulkin mallaka ne sanadinta, tashin yaƙi kuma shi ne maganinta. Lakhdar-Hamina ya rasu a watan Mayu na 2025.

4.0 Kyamara ta Juyo Cikin Gida

A 1976 wani matashin darakta, Mirzak Alwash, ya fitar da Umar Gatlato, fim ɗin da masana da yawa ke ɗauka a matsayin mararraba. Babu soja a cikinsa, babu Bature. Umar ƙaramin ma'aikacin gwamnati ne da ke zaune da danginsa a wani matsattsen gida a yankin Bab el-Wad na Aljiyas. Ba shi da ɗakin kansa, ba shi da halin aure. Abin da ya mallaka shi ne rikoda, wadda yake ɗaukar waƙoƙin sha'abi da na finafinan Indiya da ita. Wannan son waƙar Indiya ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san gidajen silima na Kano da Zariya a waɗannan shekaru. Wata rana Umar ya ji muryar wata budurwa a kaset, ya kamu da sonta, ya nemi su haɗu, amma da ya hango ta a tsallaken titi sai ya kasa ƙarasawa.

Laƙabin Gatlato an yanko shi ne daga wata magana ta Larabcin Aljiyas da ke nufin mutumin da taƙama da mazantaka ta kashe. A nan akwai abin lura ga ɗalibin harshe. Umar yana fuskantar kyamara ya yi magana da darija, wato Larabcin titi mai gauraye da kalmomin Faransanci, a lokacin da gwamnati ke ƙoƙarin ɗora daidaitaccen Larabci a makarantu da ofisoshi. Jama'a sun yi cincirindo zuwa kallonsa domin sun ji ana magana irin tasu. Yaƙin 'yanci kuwa bai fito ba sai a bakin wani kawunsa mai cika baki da labaran jarumtaka da ba wanda ya gaskata. Rarrabuwar da fim ɗin ya nuna ita ce ta tsakanin maza da mata, da ta tsakanin waɗanda suka yi yaƙi suka riƙe muƙamai da matasan da suka taso ba su da gida.

Wata ɓarakar kuma ta harshe ce. Wani babban kaso na 'yan Aljeriya Amazig ne, waɗanda ake kira Barbar, kuma harshensu Tamazight ɗan'uwan Tamashek ne na Abzinawa. A watan Maris na 1980 hukuma ta hana marubuci Maulud Mammeri gabatar da lacca kan tsofaffin waƙoƙin yankin Kabili a jami'ar Tizi Wuzu, abin da ya jawo zanga-zanga da yajin aiki. Ba a sami dogayen finafinai cikin wannan harshe ba sai a tsakiyar shekarun 1990, lokacin da aka fitar da Machaho na Balkasim Hajjaj da La Montagne de Baya na Izzuddin Meddour. An amince da Tamazight a matsayin harshen ƙasa a 2002, ya kuma zama harshen hukuma a 2016.

5.0 Baƙaƙen Shekaru Goma

Farashin man fetur ya faɗi a 1986, kayan masarufi suka yi wuya, rashin aikin yi ya ƙaru. A watan Oktoba na 1988 matasa suka yi bore a Aljiyas da wasu birane, sojoji suka buɗe wuta, ɗaruruwa suka mutu. Wannan ne karon farko da sojan da ya gaji mayaƙan 'yanci ya harbi jama'arsa da yawa haka. Tsarin mulkin 1989 ya ba da damar kafa jam'iyyu. Jam'iyyar FIS mai kiran a kafa gwamnatin Musulunci ta lashe zaɓen ƙananan hukumomi a 1990, ta kuma sami kujeru 188 a zagayen farko na zaɓen majalisa a Disamba 1991. A Janairu 1992 sojoji suka soke zaɓen, shugaba Shazali bin Jadid ya sauka. Daga nan ƙasar ta faɗa yaƙin basasa tsakanin jami'an tsaro da ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai. Ƙiyasin waɗanda suka mutu ya kama daga 100,000 zuwa 200,000, ban da dubban da suka ɓace.

Marubuta da masu fasaha suna cikin waɗanda aka fi farauta. An harbe marubuci Tahar Jawut a 1993, aka kashe mai wasan kwaikwayo Abdulƙadir Allula da mawaƙi Shab Hasni a 1994, sannan ɗan wasa Izzuddin Majubi a 1995. Gidajen silima suka yi ta rufewa, kuma a 1998 gwamnati ta rushe hukumomin da ke shirya finafinai. Da yawa daga cikin daraktoci suka koma Faransa.

Cikin wannan hali Mirzak Alwash ya koma unguwar Umar a 1993 ya ɗauki Bab el-Oued City, cikin gaggawa da fargaba. Labarin yana faruwa ne a 1989. Bu'alam ma'aikacin gidan burodi ne mai aikin dare. Wata rana da ya kasa barci saboda ƙarar lasifikar da aka kafa a saman gidansu, sai ya cire ta ya jefa a teku. Sa'id, shugaban wasu matasa da suka naɗa kansu masu gyaran tarbiyyar unguwa, ya lashi takobin gano wanda ya yi. Abin da ya ƙara dagula al'amarin shi ne Bu'alam yana son ƙanwar Sa'id. Fim ɗin ya bambance tsakanin addini da masu fakewa da shi, domin limamin unguwar mutum ne mai kiran a yi haƙuri a bar tashin hankali, kuma a ƙarshe shi ma barin unguwar ya yi. Haka nan akwai wasu mutane biyu da ke yawo a mota suna ganawa da Sa'id a ɓoye, ba a taɓa faɗin ko su wane ne ba. Bu'alam ya ƙare a jirgin ruwa mai barin ƙasar.

A wannan shekara ta 1993 Muhammad Shuwaikh ya yi Yusuf, labarin wani mayaƙi da ya sami rauni a ka, ya tsere daga asibiti bayan shekaru masu yawa yana zaton har yanzu ana yaƙi. Da ya ga yadda tsofaffin abokan gwagwarmayarsa ke zaune a gidajen Turawa suna juya talakawa, sai ya ɗauka maciya amana ne ke mulki a madadin Faransa.

Fim ɗin da ya fi fito da canjin da aka samu shi ne Rashida na 2002, wanda Yamina Bashir-Shuwaikh ta shirya. Rashida malamar firamare ce a Aljiyas. Wata safiya tana kan hanyar aiki sai wasu samari suka tare ta, cikinsu har da wanda ta taɓa koyarwa, suka miƙa mata jaka da bam a ciki, suka ce ta kai makarantarsu. Ta ƙi, suka harbe ta a ciki a gaban mutane, ba wanda ya motsa. Ta rayu, ta gudu ƙauye tare da mahaifiyarta, amma can ma maharan suka zo a daren biki suka yi kisa, suka sace 'yan mata. Washegari ta ɗauki jakarta ta tafi aji, yaran da suka rage suka biyo ta. Idan aka ajiye wannan kusa da sashen mata uku na 1966, za a ga birni ɗaya ne, jaka ɗaya ce, amma yanzu mai miƙa jakar ɗan unguwa ne, waɗanda za su mutu kuma 'ya'yan maƙwabta ne, jarumtaka ta koma ƙin karɓa.

6.0 Afuwa da Haƙƙin Tunawa

Shugaba Abdul'aziz Butafliƙa, wanda ya hau mulki a 1999, ya kawo dokar afuwa ga mayaƙan da suka ajiye makamai. A Satumba 2005 aka amince da yarjejeniyar zaman lafiya da sasantawa ta hanyar ƙuri'ar raba gardama. Dokar 2006 da ta biyo baya ta kare jami'an tsaro daga tuhuma, ta kuma tanadi ɗaurin shekara 3 zuwa 5 ga wanda ya yi amfani da abin da ya faru wajen ɓata sunan hukumomin ƙasa. An sami zaman lafiya, amma iyalan waɗanda aka kashe da na waɗanda suka ɓace ba su sami amsa ba.

Masu fim sun ci gaba da tambaya, yawanci da kuɗin da suka samo daga Turai. A Barakat na 2006, wato Ya Isa Haka, Jamila Sahrawi ta haɗa wata likita da ke neman mijinta ɗan jarida da aka sace, da wata tsohuwar nas da ta yi yaƙin 'yanci, ta sa tsara biyu suka yi tafiya ɗaya. Fim ɗin ya ci kyautar Umaru Ganda, wadda aka sa wa sunan daraktan nan ɗan Nijar, a bikin FESPACO na Wagadugu a 2007. A Yema na 2012, wato Uwata, ta nuna uwa mai 'ya'ya biyu, ɗaya soja da aka kashe, ɗaya kuma kwamandan 'yan daji da take zargi da hannu a kisan. A wannan shekara Alwash ya fitar da At-Ta'ib, Tubabbe, kan saurayin da ya sauko daga dutse ƙarƙashin afuwa ya tarar mutanen ƙauyensu ba su yafe ba.

Ita ma gwamnati ba ta saki tarihin yaƙin farko ba. Dokar fim ta 2011 ta shardanta neman izinin hukuma kafin a yi fim kan yaƙin 'yanci, kuma a 2018 aka dakatar da fim ɗin Bashir Darrais kan shahidi Larbi bin Mahidi, saboda a cikin dalilai ya nuna saɓani tsakanin shugabannin FLN. A 2019, shekarar da zanga-zangar Hirak ta tilasta wa Butafliƙa sauka ran 2 ga Afrilu, Muniya Meddour ta fitar da Papicha, labarin ɗalibai mata a Aljiyas na shekarun 1990. An soke bikin fara nuna shi a Aljiyas a watan Satumba, amma ya ci kyautar César a Faransa a 2020.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya raba wannan tarihi kashi uku. Daga 1957 zuwa tsakiyar shekarun 1970 fim ya yi aikin gina ƙasa, ya nuna jama'a a dunƙule, ya yi shiru kan saɓanin cikin gida. Daga 1976 ya fara nuna matsin rayuwa da ɓarakar harshe da ta jinsi, tun kafin su fashe a titi a 1988. Daga 1993 kuma ya fuskanci yaƙin 'yan'uwa kai tsaye, a lokacin da ƙasar ta rasa mafi yawan gidajen kallonta.

Wannan ya haifar da wata matsala da ba a warware ba. Finafinan da suka fi faɗin gaskiya kan rikicin Aljeriya sun fi samun masu kallo a Paris da Cannes da Wagadugu fiye da Aljiyas, kuma wasu 'yan ƙasar na zarginsu da cewa idon Turawa suke yi wa. Saboda haka duk mai nazarin irin waɗannan finafinai yana bukatar ya yi tambaya uku a kan kowannensu: wa ya ba da kuɗin yin sa, da wane harshe mutanen cikinsa ke magana, kuma wa aka bari ya kalle shi.